Yadda Kwamfuta Ta Tsofar Da Maƙwabciyata

Akwai abin da ko tsufa ya sa na fara mance sunayen jikokina ba zan mance da shi ba, kuma har yau in ya faɗo mini a rai sai na ji zuciyata tana tafarfasa. Zamanin mulkin soja ne, aka kafa wani kwamitin tantance ma'aikata a nan Sakkwato, aka ce duk wanda shekarunsa suka cika a sallame shi. Da yake ina cikin 'yan tsirarun da suka san kan kwamfuta a lokacin, sai aka aro ni daga ofishinmu aka zaunar da ni gaban wata kwamfuta mai baƙin allo da koren rubutu. Ba ni na rubuta manhajar ba. Wani ɗan kwangila ne, surukin Manjon da ke shugabantar kwamitin, mutum mai yawan turare da yawan Turanci. Nawa kawai in shigar da bayanai, in buga sakamako.

Ina da maƙwabciya a unguwar Mabera, katanga ɗaya ta raba mu. Malamar firamare ce 'yar Filato, mijinta kafinta ya rasu ya bar ta da yara. Kowa Madam yake ce mata, kuma ta daɗe a garin nan har Sakkwatancinta ya fi nawa daɗi. Wata safiya ina tayar da babur sai ga ta a ƙofar gida, ko ɗankwali ba ta ɗaura daidai ba.

Ta ce, "Malam, mi ni yi muku? Wai ni ce na tsufa? Autana ko firamare bai gama ba, an ce shekaruna sun cika in tahi gida!"

Na yi dariya, don na ɗauka zolaya ce. Matar da da ƙyar in ta kai arba'in! Sai da na ga idonta ya kawo ruwa sannan dariyar ta maƙale mini.

Ina isa ofis na buɗe cikin manhajar, abin da ba a sa ni ba. A ciki akwai abin da muke kira fankshin, wato ɗan guntun umarni da mai manhaja yake rubutawa da kansa: ka ba shi lambar fayil, ya shiga rumbun bayanai ya dawo maka da amsa. Ƙa'idarsa abu ɗaya yake miƙowa. Kwamiti kuwa abu uku yake nema: suna, shekarar haihuwa, da shekarar kama aiki. Mai hankali sai ya ƙunshe ukun wuri guda, ya miƙo ƙunshin. Gogan naka ina! Sai ya sa fankshin ya miƙo suna kaɗai, sauran biyun ya riƙa ajiye su a wani gurbi na gayya da ba a sharewa. Kwano ɗaya ne ake zuba wa kowa, ba a wankewa.

To ga inda gizo ke saƙar. Mutanenmu da yawa ba su da takardar haihuwa, rantsuwa suke yi a kotu a liƙa a fayil. Ta Madam gara ta cinye ta a ɗakin ajiya, umarnin da aka ba mu kuwa shi ne in babu a bar wurin haka nan. Da fankshin ya zo kanta bai sami shekarar haihuwa ba, bai ajiye komai ba, sai abin da ke cikin kwanon ya zauna. Wanda ya gabace ta kuwa wani tsohon masinja ne da aka haifa tun kafin yaƙin duniya na biyu. Shi ke nan, Madam ta gaji shekarun dattijo.

Na tarar da Manjo da surukin nasa suna shan lemo a ƙarƙashin fanka. Na gaishe su, na yi bayani dalla-dalla. Ɗan kwangila ya karkaɗa makullin mota ya ce, "Kai dai ka ji ka da wata magana. Kwamfuta ba ta ƙarya."

Na ce, "Ba ta yi ƙarya ba, abin da ka bar mata ta ɗauko. Zo mu gwada yanzu a gaban Yallaɓai."

Muka gwada. Na sa fayil ɗin wani matashi a gaban nata, nan take Madam ta koma yarinya. Na mayar da na masinja, ta sake tsufa. Ɗan kwangila ya fara share zufa. Wallahi a lokacin har na fara murna, na ce gaskiya ta yi halinta.

Manjo ya dubi allon ya ce, "Gyaran zai ɗau lokaci?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kafin azahar na gama."

Ya ce, "To gyara, saboda ma'aikatun da suka rage."

Na ce, "Waɗanda aka riga aka sallama fa?"

Ya ɗago ya dube ni sama da ƙasa. "Gwamna ya sa hannu, an karanta a rediyo. So kake in koma in ce masa mun yi kuskure? Aikinka na'ura, tsaya a kan na'ura."

Jama'a, ku ji wannan zalunci! An yarda a gyara ƙarfe, an ƙi gyara wa mutum. Kotu kuwa an toshe ƙofarta da dokar soja, babu mai sauraron ƙarar wanda aka sallama. Na gyara fankshin ɗin cikin takaici: ya riƙa dawo da amsoshin uku a ƙunshe, in kuma babu ɗaya ya faɗa ƙarara cewa babu. Na bi manya, na bi malamai, har gidan wani attajiri a Minanata na je don an ce Manjo na jin maganarsa. Kowa sai ya ce a yi haƙuri, a bar wa Allah.

Da aka yi hutun makaranta Madam ta ɗaure kayanta. Na raka ta tasha, yaranta na zaune a kan katifa cikin rana. Har ta sa ƙafa a mota sai ta waiwayo ta ce, "Malam, an dai gyara injin nan?"

Na ce an gyara.

Ta ce, "To madalla. Ko ban samu ba, wata ta huta."

Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na koma gida ranar ban iya cin tuwo ba.

Tun daga nan na koyi abin da nake nanata wa duk wanda ya zo koyon aikin nan a wurina: in za ka dawo da amsa fiye da ɗaya, ka haɗa su ka miƙa a hannu guda, kada ka watsa su inda na wani zai gauraya da na wani. In kuma ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ai ita ma amsa ce. Kuma ka gwada tun kafin manya su sa hannu, domin na gani da idona: manhaja kafin azahar aka gyara ta, Madam kuwa ba ta sake shiga aji a Sakkwato ba.