Tsoho Mai Alewa a Aljihu

A bencin asibitin haƙori akwai wani tsoho zaune, bakinsa wayam, ko haƙori ɗaya na rantsuwa babu. Ka rasa me ya zo nema a nan, sai ka hangi jikarsa a cinyar uwarta. Ba ta wuce shekara uku ba, kumatu a kumbure, haƙoran gaba sun guntule sun yi baƙi kamar gawayi.

Aljihunsa na dama ya fi na hagu nauyi, yana ta dafe shi kamar mai ɓoye kayan sata. Daga gani, irin kakan nan ne da ba ya shiga gida hannu rabbana. Wataƙila tun da matarsa ta rasu, wannan 'yar ce kaɗai ke rugowa in ya yi sallama.

"Baba, ka dai ji likita," in ji uwar, ko kallonsa ba ta yi ba. "Huɗu za a cire. Daga yau buroshi safe da dare, zaƙi kuma an gama."

"Na ji."

Yarinyar ta miƙa hannu wajen aljihun, ta san hanya. "Kaka, ba ni."

"Haba amarya, yau angon naki ya tsiyace."

Ta fashe da kuka, ta juya masa ƙeya. Ya jima yana kallon ƙeyar nan. Can ya zaro alewar a ɓoye, ya jefa a bakinsa, inda ba sauran abin da zai ruɓe. Yana tsotsa, fuskarsa kamar mai shan maɗaci.