Bututun da Ya Goce a Kwiɓin Kawu

Kawuna mai walda ne. Shekara talatin yana sunkuye a kan ƙofofi da tagogi a wata rumfa ta bayan tashar mota, hannuwansa duk tabon tartsatsi. Abokan aiki suna kiransa Ƙarfe, wai ba a taɓa jin ya ce wayyo ba.

Da ƙodar Mamata ta gaza, aka gwada jinin 'yan'uwanta, nasa kaɗai ya dace. Bai tsaya shawara ba.

"Ƙanwata ce," in ji shi. "Biyu gare ni, ado zan yi da su?"

Kafin tiyata, likitar da ke sa barci ta yi masa bayani. Za ta kashe jijiyoyin da ke ɗauko zafi daga kwiɓinsa, ta bar wani siririn bututu a wajen, ɗan famfo yana ɗiga magani a hankali. Ta haka ba sai an cika shi da allurai masu sa jiri da amai ba.

Ranar farko abin ya yi aiki, har Kawu ya cika baki. "Wannan ce tiyatar? Ai aski ya fi ta zafi!"

Washegari da hantsi ya juya zai ɗauki kofi, bututun ya goce ba wanda ya sani. Kafin rana ta take, zafi ya dawo kamar an ɗora masa jan ƙarfe daga wuta. Nas ta shigo ta tambaye shi, daga ɗaya zuwa goma, nawa yake jin ciwon. Ɗakin cike da 'yan dubiya. Matarsa ta riga shi.

"Wannan? Rubuta biyu kawai."

Aka yi dariya. Kawu ya dubi surukansa, ya ce huɗu. Nas ta leƙa famfo, ta ce, "Maganinka na shiga, Baba," ta fita. 'Yan dubiya ma suka ɗunguma ɗakin Mama, don a ganinsu ita ce marar lafiya.

Ni kaɗai na rage. Tari ya gagare shi, numfashi sai rabi-rabi. Mai motsa jiki ya zo zai tayar da shi tattaki, Kawu ya riƙe ƙarfen gado ya ƙi saki, mutumin ya rubuta cewa ba ya ba da haɗin kai. Ina gyara masa matashi na ji zanin gado sharkaf.

"Kawu, gumi ne?"

"Wane irin gumi a waje ɗaya? Duba da kyau, 'yar nan."

Maganin ne ke zuba a katifa. Na ruga na faɗa wa nas. Ta ce ba ta da izinin taɓa bututu, allura mai ƙarfi kuma ba a yi wa mai huɗu, likita tana ɗakin tiyata. Sau uku ina komawa, amsar ɗaya. Awa biyar muka yi.

Da likitar ta zo, ta goga masa ƙanƙara a kwiɓi, ya zabura, alamar maganin ya daina kaiwa wajen. Nan take ta sa aka turo na'urar hoto, ta sake masa wani bututun. Cikin rabin awa ya ja numfashi har ƙasa.

"Me ya sa ka ce huɗu?" in ji likitar.

"A gaban surukai zan ce tara, Likita?"

"To da ni da surukan, wa ke riƙe da allurar?"

Kwana biyu bai yi wa matarsa magana ba, ita kuma ta rantse yabonsa take yi.

Mama ta warke, har ta yi ƙiba. Kawu ya koma rumfa bayan wata biyu, an hana shi ɗaga nauyi, yana zaune a benci yana kushe waldar kowa. In aka yaba masa kan ƙodar, sai ya yi tsaki ya ce a miƙo masa abin awo, ƙofar nan ta karkace.