Ranar da Ganga Ta Kira Baba

Mahaifinmu ba mai son yawo ba ne. Tun da na yi wayo, duniyarsa ba ta wuce gonar shinkafa da masallaci da gindin dalbejiyar ƙofar gida ba, a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure, inda hanyar ruwa ta bi ta bayan gidaje. In ka ga ya shiga birnin Kano, to ko ta'aziyya ce, ko injin ban ruwa ya lalace. Kiɗa kuwa, ko a rediyo aka sa sai ya ce a murɗa, labaru yake son ji.

Wata shekara a farkon kaka na je gida daga Kumbotso, inda nake koyarwa. Ruwa ya fara ɗaukewa, shinkafa ta sunkuyar da kai amma ba ta isa yanka ba, irin tumatir kuma bai isa dashe ba. Lokacin ne manomi yake ɗan samun sarari. Muna hira a tsakar gida na ba Inna labarin baje kolin kayan gargajiya da ake yi a birni, da masu sana'ar hannu da makaɗa.

"Ka kai ni," in ji ta. "Rabona da birni tun sunan autarka."

Baba yana alwala a gefe, ya ce, "Mutum da furfurarsa ya tafi kallon rawa? Allah ya kyauta."

Washegari gab da azahar na fito zan ta da mota, sai na same shi a kujerar gaba, cikin farar babbar rigarsa ta Juma'a. Ya ce zai bi mu ne ya tambayo maganin feshi. Daga nan bai sake ambaton maganin ba.

Hanya cike take da kaka. Ga masu gasa masara, ga ɗanyar gyaɗa a faranti, ga rake an jingine. Inna ta sa na tsaya ta sayi dafaffiyar gyaɗa, tana ɓarewa tana miƙo wa Baba ta bayan kujera, yana karɓa ba tare da ya waiwaya ba.

Bayan azahar muka shiga filin. An jera rumfuna, marina da shuɗɗan zannuwa, dukawa da jakunkuna da takalma, masu ƙoren da aka yi wa zane. Inna ba ta wuce rumfa ko ɗaya ba. A wajen ɗalibai masu zanen fenti ta tsaya gaban hoton wata mai tallar nono, ta rantse Bafulatanar da ke kawo mana nono ce, har da wushiryar. Yarinyar da ta yi zanen ta yi ta dariya, ta ce ita dai a ka ta ƙirƙiro ta. Baba yana biye da mu, hannuwa a baya. Rumfar maƙera ce kaɗai ta tsayar da shi, ya ɗaga wata garma ya jinjina, ya ajiye.

Da aka yi la'asar muka koma inda ake kiɗa, muka samu kujerun roba a layin gaba. 'Yan koroso suka yi tsalle-tsallensu, 'yan mata suka buga shantu, wani saurayi ya zo da fiyano ya yi waƙar soyayya, matasa suna ihu. Kafin ya gama Baba ya fara gyangyaɗi.

Sai aka sanar da kiɗan noma. Samari suka fito da garemani a kafaɗa, a bayansu wani dogon tsoho siriri rataye da babbar ganga. Ya fara kiɗa yana zagaya fili, yana bin fuskokin mutane da kallo. Da ya zo daidai inda muke, hannunsa ya tsaya cak. Ya ƙura wa Baba ido. Sannan ya sauya kiɗan gaba ɗaya, ya koma wani mai nauyi da sauri, har samarin suka rikice suka tsaya.

Baba ya buɗe ido. Inna ta damƙi hannuna.

"Takensa ne," ta ce a hankali.

"Taken wa?"

"Na babanka mana!"

Ban taɓa sanin Baba yana da take ba, wato kiɗan da makaɗi ke ware wa gwanin noma shi kaɗai, wanda ko daga nesa ya ji ya san da shi ake. Tsohon ya matso yana kiɗa, ya ɗaga murya: "Na gaban gayya! Bijimin bakin rafi! Ashe kana raye?"

Na ga yatsun ƙafar Baba suna motsi a cikin takalmi. Ya dubi ƙasa, ya dubi Inna. Can sai ya miƙe, ya tuɓe babbar riga ya ɗora mini a cinya, ya cire hula ya ɗora a kai. Ya je ya miƙa wa wani saurayi hannu, yaron ya ba shi garma.

Wallahi ban san mutumin nan ba sai ranar. Ya sunkuya ya kama huɗar iska, yana tafe yana kifa garma dama da hagu, ƙafarsa na faɗuwa daidai kan gangar. Ya kai ƙarshen fili, ya juyo, ya cilla garmar sama ya cafe. Wuri ya kaure da sowa. Samarin suka jeru a bayansa suna bin sawunsa, wayoyi suka tashi ta ko'ina. Inna ta fara rufe fuska da mayafi, da abin ya ci ƙarfinta ta saki mayafin ta rangaɗa guɗa.

Da aka tashi, tsofaffin biyu suka riƙe hannun juna suka ƙi saki. Ashe mai gangar nan shi ne makaɗin da ke bin gayya a ƙauyukanmu, zamanin da samari ke haɗuwa su nome gonar mutum ɗaya a wuni. Da aikin ya koma na tarakta da 'yan ƙwadago, sai ya dawo birni wurin ɗansa.

"Tun da na hango zamanka na ce wannan wuyan na san shi," in ji shi.

Suka shiga tambayar juna labarin mutanen da. Wane fa? Ya rasu. Wane fa? Yana nan, ido ne ya tafi. Suka yi wa matattu addu'a, suka yi dariyar rayayyu, har aka kira magariba.

A mota Inna ta ce mini a wurin gayya ta fara ganin Baba, ta kai wa manoma kunu, ta tsaya kallo har ƙwaryar ta karkace.

"Ki bar yaro ya yi tuƙi," in ji Baba, yana murza gwiwa.

Hoton bidiyon ya riga mu isa gida. Washegari a ƙofar masallaci abokansa suka tare shi da "na gaban gayya", shi kuwa yana ɗingishi yana cewa tsautsayi ne. Inna ta yi kwanaki tana gasa masa gwiwar da ruwan zafi, tana yi tana dariya.

Da shinkafa ta isa yanka, sai ga makaɗin a kan babur ɗin jikansa, ganga a baya. Ya tsaya a kan gaɓar hanyar ruwa ya kama kiɗa, masu yanka suka ɗago suna kallon juna, daga nan lauje ya fara gudu. Mata da yara suka fito daga cikin gari. Baba bai yi rawa ba, gwiwa ta hana. Ya zauna a kan buhu yana nuna wa makaɗin samarin da suka fi hannu, yana faɗa masa ɗan wane ne, jikan wane ne, shi kuma yana laluben taken da zai dace da kowannensu.