Tuwon Goggo a Gaban Surukai

Shekarar da shinkafar waje ta gagari talaka, mu 'yan unguwarmu a Azare muka ce sai mun kafa rumfar abincin gida. Manomi ya kawo geronsa da wakensa, masunta su kawo kifi daga Katagum, matan Fulani su sauke ƙwaryar nono, a girka a wurin, kowa ya saya ya ci. Ni malamin firamare ne a lokacin, sai aka maƙala mini sakatare. Shugaba kuwa surukina ne, uban matata, dattijon da ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba.

Wata huɗu muna taro. Mun yi faɗa a kan inda ƙofa za ta kalla, mun yi faɗa a kan rufin kwano ko na ciyawa. Malamin gona, wani Kirista mutumin kudancin Bauchi, mai kirki ƙwarai, ya zana mana benci ɗaya dogo, wai kowa ya zauna a ci tare. Muka tafa masa. Mu goma sha biyu, duk da gemunmu, ba wanda ya tuna masa da kunyar surukai. Wallahi har yau in na tuna sai haushin kaina ya kama ni.

Goggona, yayar mahaifina, ita ta ɗauki maganar da gaske. Mijinta ya rasu, ƙaninta da ke Disina ya matsa sai ta koma gidansa. Ta sayar da awakinta biyu ta sayi tukwane da kwanuka.

"Ɗan nan," ta ce mini, "in tuwo ya karɓe ni, na zauna a ɗakina. In bai karɓe ni ba, sai Disina, in je in zame wa matar wani kaya."

Ranar buɗewa ta yi tuwon dawa da miyar kuka da busasshen kifi, ƙamshi har bakin titi. Jama'a ta cika, aka yi addu'a, aka jera kwanuka a kan benci. Muka zo zama. Na ɗaga kai, ga surukina a ƙarshen benci. Ni in kai loma baki a gabansa? Shi ma ina zai ci a gabana? A unguwarmu an daɗe ana auratayya, duk wanda ka duba surukin wani ne. Kowa ya koma yana cewa, "Alhamdu lillahi, yanzu na tashi daga kan abinci," cikinsa na ƙugi. Malamin gona da wani ɗan kasuwa mutumin kudu su kaɗai suka ci, malmala uku-uku, suna ta santi suna tambayar ko azumi muke yi.

Muka kira taron gaggawa. Aka yanke a kafa zana a tsakiyar benci. To ai suruki yana gane tarin surukinsa, sai aka ƙara wata. Kafin mako biyu zana ta kai goma sha ɗaya, rumfa ta zama lungu-lungu. Wani manomi ya shiga da buhun wake, ya yi ta zagaye, ya fito ta inda ya shiga ya tafi da abinsa. Mai jin yunwa sai ya tsaya a ƙofa ya ɗaga murya, "Surukina yana ciki?"

Daga bayan zana a amsa, "Wane ne surukin naka?"

Shi kuma ba ya iya faɗin sunan suruki. Sai ya yi tsaki ya juya gida. Tuwon Goggo ya riƙa kwana, da safe ta ɗumama ta raba wa maƙwabta.

Wata ranar kasuwa da hantsi na iske ta a rumfar tana ɗaure tukwane a cikin tsohon zane. Ta ce motar Disina za ta tashi bayan azahar. Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Na finciki zanar da ke kusa da ni na yar. Wa zan gani a bayanta zaune yana jan carbi? Surukina.

"Goggo, zuba mini ragowar na jiya," na ce.

"Kai! Ka haukace ne?"

Na wanke hannu na zauna. Gumi har cikin ido, na gutsiri tuwo na kai baki. Mutane suka ɗauki salati. Ban ji ɗanɗanon komai ba, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, amma na ci gaba da ci.

Dattijon ya miƙe. Bai dube ni ba, malamin gona ya duba.

"Gaya wa malamin makaranta ya ci a hankali, kada ya ƙware," in ji shi. "A kwashe zanan nan. Daga yau duk wanda ya aurar da 'ya ba zai ƙara shigowa rumfar nan ba, a kai masa nasa gida."

Goggo ta daɗe tsaye kafin ta durƙusa ta kwance ƙullin zanen. Da azahar benci ya cika, har a ƙasa ana zaune.

Filin da aka kafa rumfar na surukina ne, kyauta ya bayar. Ya yi shekara tara a duniya bayan wannan rana, kullum yana zagayawa ta bayan masallaci don kada mu gan shi mu tsame hannu. Bai taɓa cin ko loma ɗaya a cikinta ba.