Ranar da Yaya Ta Faɗi Sunan Ɗanta

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar da na raka ɗan yayata bariki neman takardar koyon tuƙi ba. Ni tela ne a Tudun Wada, ba abin da ya haɗa ni da mota sai in kauce mata a hanya. Amma yaron maraya ne, ni ne kawunsa, kuma ya shekara biyu yana karen mota a wata lori mai kai auduga tashar jirgi. Direban ya yi masa alkawarin sitiyari, da sharaɗin ya kawo takardar Bature kafin Juma'a. In bai kawo ba, akwai wani ɗan Tudun Jukun da ke jiran wurin.

A zamanin nan ba mai zuwa bariki don nishaɗi. Muka tarar da akawu, baƙo ne daga kudu, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya tambayi shekarun yaro, na ce goma sha bakwai. Ya tambayi iyaye, na ce uba ya rasu, uwa na gidana. Ni da shegen bakina har da rantsuwa, ba wanda ya roƙe ni. Ya kama babban yatsana ya dangwala a takarda, sannan ya ce gobe in zo da uwar ta shaida a gaban Bature. Ya ƙara da cewa duk wanda aka samu da ƙarya a takardar nan, gidan yari zai kwana.

Ban yi ƙarya ba, amma na san Yaya. Yaron nan ɗan farinta ne. Tun da aka yaye shi Innarmu ta ɗauke shi, ita ta raine shi har ta rasu. Yaya ba ta kallonsa ido da ido, ba ta miƙa masa tuwo da hannunta, sunansa kuwa bai taɓa fita daga bakinta ba. In tana son a kira shi sai ta ce, "Ina wancan?" Haka muka taso muka ga mata masu kunya suna yi, har yabonta ake yi a unguwa.

Na same ta tana tankaɗe, na yi mata bayani. Ta ce, "Ni? A gaban maza? Ka haukace ne?" Na yi faɗa, na yi magiya, na ce to ta shirya kai mini fura gidan yari. Da kyar ta yarda za ta je, amma ba ta ce za ta yi magana ba.

Washegari da hantsi muka shiga ofishin. Bature na zaune da hularsa a kan tebur, ɗan sanda na tsaye a bakin ƙofa da ankwa a ɗamararsa. Yaya ta durƙusa can gefe ta ja mayafi ta rufe fuska.

Akawu ya nuna yaron ya ce mata, "Wannan ɗanki ne?"

Ta ƙara sunkuyar da kai. Ya sake tambaya da ƙarfi. Sai ta ce a hankali, "Ɗan Inna ne."

Innalillahi! Akawu ya juya wa Bature maganar da Turanci. Na ga wuyan Baturen ya yi ja, ya ɗago takardar da yatsana ke kai. Na fara cewa, "Ranka ya daɗe, kunya ce, al'ada ce," ɗan sanda ya daka mini tsawa ya cafke mini hannun riga. Na tuna kekena na ɗinki, na tuna matata da goyo.

Allah ya jiƙan wani tsohon masinja da ke wurin, mutumin birni ne. Shi ya matso ya yi wa akawu bayanin ɗan fari, akawu ya mayar wa Bature. Baturen ya yi ɗan tunani ya ce shi bai san wannan ba. In ita ta haife shi, ta faɗi sunansa da lokacin haihuwarsa, in ba haka ba a tafi da ni, yaro kuma kada ya sake zuwa.

Na ce, "Yaya, don girman Allah!" Ba ta motsa ba.

Sai yaron ya yi magana, kansa a ƙasa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a saki kawuna. Na fasa tuƙin. Kada a matsa mata."

A nan ne Yaya ta ɗago. Ta sauke mayafin daga fuskarta, ta dubi Baturen, ba ɗanta ba, ta faɗi sunan. Kowa ya ji. Ta ce, "Ni na haife shi, ranar Laraba, saura kwana uku babbar salla. Azumi goma sha bakwai aka yi tun daga nan, ina ƙirgawa." Akawu bai gama fassara ba Bature ya sa hannu. Ɗan sanda ya sake ni, na zube a ƙasa.

A hanyar gida tana gaba, ina tsakiya, yaron na baya riƙe da takardarsa, hawaye na zuba, ba ya ko sharewa. Haka muka iso Tudun Wada. A ƙofar gida ta juyo ta ce mini, "Ka gaya wa wancan ya riƙa tafiya a hankali."

Ya zama direba, har ya yi furfura a kan sitiyari. Yaya ba ta ƙara faɗin sunan ba har ta koma ga Allah. Ranar sadakar ukunta muna zaune a zaure, na tuna masa yadda na kusa sakin fitsari a gaban Bature, don in sa shi dariya. Bai yi dariyar ba. Ya ce, "Kawu, sau ɗaya ne fa ta faɗi sunana, kuma Bature ta gaya wa, ba ni ba. Amma na ji."