Ƙaguwar da Baba Ya Bar Mini

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba Baba ya fara kai albasa Ikko. Duk dawowa sai ya zo da tsarabar da ba wanda ya tambaye shi. Wata shekara ya sauka garinmu Gubuchi da gwangwanin madara, ciki da yashi da wata 'yar ƙaguwa mai zama cikin kwanson katantanwa. Ya ce ba ta da gidan kanta, duk kwanson da ta tsinta a bakin teku shi take shiga, in ya matse ta ta sake wani.

Kakarmu, mahaifiyar Baba, ta leƙa ta taɓe baki. "Mutane na kawo wa 'ya'yansu atamfa, kai ka kawo ƙwaro."

Ni kuwa, mai shekara tara, ba a taɓa ba ni abu mai rai ba. Da zai koma ya kira ni zaure ya ce, "Uwata, amana ce. In dawo in same ta." Haka yake kirana, don sunan Kaka na ci.

Na mai da ita cikin tsohon kasko, na ɗebo yashin rafi, ina yayyafa ruwa safe da yamma. Tana son ɓawon gyaɗa da ɗigon mazarƙwaila. In na ɗora ta a tafin hannu sai ta jima kafin ta fito da idanunta, sannan ƙafafu su biyo baya. Yaran unguwa suka yi ta zuwa kallo, ni kuma na yi ta yi musu mulki. Wanda ya ɓata mini rai ba ya gani.

Bayan an yanke dawa ta daina ci. Ta tona yashi ta shige, kwana ɗaya, biyu, har tara. Haƙuri bai taɓa zama halina ba. Ran na goma na sa yatsa na tono ta, ina ɗaga kwanson sai jikinta ya faɗo, ƙafafu da idanu duka, ba nauyi, kamar ɓawon fara.

Na yi kuka har murya ta dishe. Kaka, wadda ta raina ta tun farko, ita ta ba ni ƙyalle na naɗe, muka binne a gindin zogale. Sai na ce zan ajiye wa Baba kwanson.

"Gidan mushe ne," in ji ta. "Ba zai kwana mini a ɗaki ba sai an wanke shi da ruwan zafi."

Ni na hura wutar. Ni na tsoma kwanson cikin ƙwarya na juye tafasasshen ruwa. Ina tsugune sai na ga wata ƙafa ja-ja, mai laushi, ta miƙo daga can ciki, ta motsa sau biyu, ta saki.

A nan na gane saɓa ta yi, irin ta maciji. Tsohuwar rigarta muka binne. Ita tana ciki ta ƙudundune, tana jiran sabon jiki ya yi ƙwari. Kaka tana tankaɗe, ba ta gani ba. Na zare abin da tsinke, na tura ƙarƙashin toka, na ɗauraye kwanson.

Baba ya dawo da sallar layya. Bai ko kwance kaya ba ya zaro wani kwanso daga aljihu, ya fi na farko girma, fari tas.

"Uwata, ga sabon gida. Masunta sun ce in ta shige yashi kada a taɓa ta, saɓa take. Na manta ban gaya miki ba, abin ya dame ni duk hanya."

Na ce ta mutu. Sai ya ce, "Kin duba cikin kwanson?"

"Na duba, Baba. Ba komai."

Ita ce ƙarya ta farko da na yi masa. Ya dafa kaina ya ce Allah ya ba ni haƙuri, rai ba a hannun mutum yake ba. Na so ya ƙara tambaya, bai ƙara ba.

Ya rayu shekara ashirin bayan nan, kullum ina cewa gobe zan faɗa masa. Yanzu na wuce shekarun da ya rasu da su, kwanson biyu suna cikin adakata, kuma abin yana ci mini rai har yau. Jikokina sun ɗauka tsarabar teku ce kawai.