Zuga-zugin Baba Nomau

Har gobe ba zan manta da ranar da na kai wa Baba Nomau amsar hedikwata ba. Ku da kuka zo aiki kuka tarar da mota da waya, bari in ɗauko muku labarin daga tushe.

A shekarun 1960, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, aka turo ni Funtuwa ina ƙaramin jami'in ƙananan sana'o'i. Ofishin ɗaki ɗaya ne. Ni ne jami'i, ni ne akawu, ni ne masinja. Iyalina suna Zariya, don ba a ba ni gida ba sai wani ɗan ɗaki a bayan ofis. Sau da yawa nakan wuni ban yi magana da kowa ba sai mai tuwo. Maigidana, Malam Lawal, yana Katsina, sau ɗaya a wata yake leƙowa.

Aikina in zaga kasuwanni a babur, in nemo mai sana'ar hannu da ya ƙirƙiro wata sabuwar dabara. Gwamnati ta ware tallafi don irinsu, kuma mataki biyu ne. Da fari a ba mutum kuɗin ƙera abin guda goma. In masu sana'a irin tasa biyar suka karɓa, suka yi aiki da shi wata uku, suka dangwala yatsa a fom, sai mataki na biyu: a mai da wurinsa wurin koyarwa, a turo masa samari uku su zauna da shi shekara biyu.

A kasuwar Dayi na ji labarin Baba Nomau. Wani mai gyaran keke ya ce mini akwai wani tsohon maƙeri Bamaguje da ke saye masa matacciyar kaca da tsohuwar ƙafar keke, kuma wai shi kaɗai yake ƙira. Na ce ban yarda ba. Kowa ya san ƙira aikin mutum biyu ne, ɗaya na zuga wuta, ɗaya na dukan ƙarfe.

Na bi kwatance har wani gida a tsakiyar gonaki. Babban gida ne, amma rabin ɗakunan sun zube. Matarsa ta rasu, ɗansa ɗaya ya tafi masaƙa a Kaduna, ɗayan ya shiga soja, sauran dangi sun tare a gari. Na same shi zaune a maƙera, awartaki a hagu, masaba a dama, ƙafarsa na taka feda. Fedar na jan kaca, kacar na juya wata fanka da ya yanko daga gwangwani, iska kuwa na shiga wuta ba yankewa. Wallahi na daɗe tsaye bakina a sake. Na fid da agogo na auna: fartanyar da ake daɗewa a kanta, nan da nan ya gama, gawayin ma bai ci da yawa ba.

Da na karanta masa sharuɗɗan, ko kallon wajen kuɗin bai yi ba.

"Yaran nan uku," ya ce, "a nan za su riƙa kwana?"

"A nan, Baba."

"Tuwo ma tare za mu ci?"

"Tare."

"To kawo in dangwala."

Kwamiti ya amince, kuɗi suka fito. Kafin a gama tsinkar auduga ya ƙera goman cif. Ni na ɗaura su a bayan babur bibbiyu, na rarraba wa maƙeran Malumfashi da Kafur da Funtuwa. Shi kuwa ya shiga yankan ciyawa, ya sake wa ɗaki biyu jinka, har gero ya ware a rumbu na baƙin da ke tafe. Duk Asabar nakan je wajensa. Ina ce wa kaina aiki ne ke kai ni, amma gaskiya ba ni da wani wurin zuwa.

Wata uku suka cika, na fita karɓar yatsu. A Kafur na tarar da zuga-zugin namu a jingine a bango, kaza ta yi ƙwai a bayansa. Mai maƙerar, Malam Iro, dattijo ne mai kunya, sai da ya ba ni ruwa kafin ya yi magana.

"Malam, abu ya yi kyau, ba ƙarya. To amma ɗana fa? Shekara bakwai na yi a kan zuga-zugi ina kallon hannun ubana kafin a miƙa mini masaba. Nan ake koyon launin wuta. In na ɗaura wannan a ƙafata, yaro ba shi da wurin zama a maƙera, sai tasha."

Duk inda na je maganar ke nan, baki ne kawai ya bambanta. Mutum biyu suka dangwala, su ma marasa 'ya'ya maza ne. Wani kuma ya ba surukinsa mai tsire nasa, shi kam yana ta sa albarka.

Da Malam Lawal ya zo na roƙe shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ko a ƙidaya mai tsiren, a ƙara mana wata uku?"

"Mai tsire maƙeri ne?" in ji shi. "Rubuta abin da ka gani, Sani. Ba mu muka yi dokar ba."

Ba zan ɓoye muku ba, bayan tafiyarsa na zauna ga fom, ga tawada, ga yatsuna goma. Wa zai taso daga Kaduna ya bincika? Sai na tuna samarin da za a turo su koyi abin da ba mai saye. Na rubuta biyu, na sa hannu, raina a ɓace. Bayan mako shida amsa ta zo, layi uku: an yaba da ƙoƙari, an rufe fayil.

Asabar biyu na kasa zuwa, tsoro nake ji. Ta uku na tafi da hantsi. Tun kafin in kashe babur ya dubi fuskata.

"Ba za su zo ba ko?"

"Ba za su zo ba, Baba."

Na fara zagin maƙeran, na ce mutane ne masu taurin kai da ba sa son ci gaba. Ya ɗaga mini hannu.

"Kada ka ga laifinsu. Ni ma da ina da mai zuga mini, da ban ƙera shi ba."

Kunya ta rufe ni. Wata da watanni ina auna gawayi da mintoci, ban taɓa tambayarsa abin da ya sa ya yi shi ba.

Ya tashi da ƙyar, ya ture fedar gefe, ya sauko da tsohon zuga-zuginsa na fatar akuya daga rataye. Ya kakkaɓe, ya shafa masa man gyaɗa.

"Kana sauri ne yau?"

Na tuɓe takalma, na naɗe wandon kaki, na zauna a ƙasa. Ban iya ba ko kaɗan. Yana ta yi mini faɗa, "Hagu, dama, ba tare ba. Kai, wane irin hannu ne wannan?" Amma yana faɗan yana dariya. Lauje ɗaya tak muka ƙera har la'asar.

Abin da na koya ke nan a wannan aiki: kafin ku auna abin da mutum ya ƙera, ku tambaye shi me ya rasa har ya ƙera shi. Fom ɗinmu ba shi da layin wannan tambaya, kuma har na yi ritaya ba a sa ba.

Asabar bakwai na yi masa zuga, sannan takarda ta zo aka mayar da ni Kaduna. Na bar wa wanda ya canje ni kwatancen gidan a kan tebur. Daga baya na tambaye shi, ya ce fayil ɗin ai a rufe yake, me zai je yi.